Amalanken Bahago

Tun da aka fara haƙar laka a ramin bayan gari, ba a taɓa jin amalanke ya kashe mutum ba. An ji gaɓar rami ta rufta wa mahaƙi, an ji jaki ya karye a gangare, an ma taɓa jin wanda ruwan damina ya ci. Amma a ce amalanke ɗauke da duro biyu na ruwa ya taso daga bakin gangare da tsakar rana, ya sauko ya murƙushe mutum yana cin abinci, wannan ko dattawan masu tubali ba su da labarin irinsa. Abin da ba a taɓa ganin irinsa ba kuwa, mutane ba sa yarda cewa shi ya yi kansa. Sai sun nemo masa hannu.

Wanda ya rasu shi ne Mai Rami, wanda aka laƙaba wa sunan don ya fi kowa daɗewa a cikin ramin. An same shi bayan azahar a gindin gangaren, kwanonsa a kife, amalanken a kansa. Amalanken na Bahago ne, mai kawo wa masu tubali ruwan kwaɓa laka. Ba a gama janye shi daga kan gawar ba aka tuna cewa kwanan baya su biyun sun yi cacar baki, har Bahago ya faɗa a gaban jama'a cewa in Mai Rami bai daina zama a gindin gangare ba, wata rana amalanke zai sauko masa a ka. Magana zarar bunu ce. Ƙanin mamacin ya rarumi shebur, da ƙyar aka riƙe shi. Shugaban masu tubali ya ja Bahago ya kulle a ɗakin ajiyar kayan aiki, ya zauna a bakin ƙofar da kansa, ya ce a ba shi zuwa la'asar ɗin gobe. In ba a wanke Bahago ba kafin nan, zai miƙa shi ga hukuma tare da duk wanda ya ji waccan magana don ya yi shaida. Sa'an nan ya aika a kira Mai Sawu.

Mai Sawu dattijo ne wanda ya gaji bin sawu daga ubansa, ubansa kuma daga nasa uban. A gidansu aka san yadda ake gane ɓarawon da ya yi tafiya da baya don ya ɓatar da masu binsa, domin mai tafiya da baya yatsunsa ke fara cin ƙasa kafin dunduniya. Ba a taɓa kama shi da ƙarya a kan sawu ba, kuma ya san da haka, bai kuma ga dalilin ɓoye saninsa ba. Wannan karon abin ya shafe shi, domin matar mamacin 'yar ƙanwarsa ce, wadda ta ci sunan mahaifiyarsa, shi ya sa yake kiranta Uwata. Shugaba ya ce hakan ma ya fi, don ba mai cewa kawun mai takaba ya kare wanda ya kashe mata miji.

*

Ya iso ramin an riga an tafi da gawa, an kuma riga an tattake wurin. Ya tsaya ya dubi sawun taron da ya cika gangaren, ya ce ubansa ya sha faɗa cewa ruwan sama ya fi 'yan kallo tausayin sawu, don shi in ya share ba ya ƙara nasa. Ya kori sauran mutanen zuwa gefe, ya naɗe ƙafar wandonsa, ya hau bakin gangaren.

Inda amalanken ya tsaya bai ɓace ba. Tayoyin sun bar gurbi biyu a cikin laka, kuma gurbin dama jiƙe yake sharkaf, ya yi santsi kamar an shafa masa mai. Ya durƙusa a bayan gurbin ya daɗe yana duba. Mai tura kaya mai nauyi ba ya iya ɓoye kansa: yana kafa yatsu, dunduniyarsa ba ta taɓa ƙasa, ƙafarsa kuma tana watso ƙasa baya. Bai ga ko ɗaya ba.

Sai ya bi tsakanin layin tayoyin biyu yana gangarawa a hankali. A nan ya ga 'yan ƙananan ramuka a cikin ƙura, irin waɗanda ɗigon ruwa ke bari bayan ya bushe. A sama sun matsu da juna har suna hawa kan juna. Da ya ƙara sauka sai suka fara rabuwa, daga faɗin yatsa zuwa tafin hannu, daga tafin hannu zuwa taku, can ƙasa kuma sai ya yi ta nema kafin ya ga na gaba. Ya kira Shugaba ya nuna masa. Ya ce duro mai yoyo ba ya sauya saurin ɗigarsa, amalanken ne ya sauya saurinsa. Wanda aka hankaɗa da gudu yake farawa. Wannan kuwa da rarrafe ya fara, kamar tsoho zai tashi daga tabarma, nauyinsa ne ya yi ta ƙara masa gudu har ya kai ƙasa.

Shugaba ya sosa gemu ya ce wannan magana ce mai kyau, amma ba za ta shiga kunnen ƙanin mamaci ba. In ba a tura amalanke ba, to an cire masa dutse, kuma ga shi an duba gangaren duka ba a ga dutsen ba.

*

Ɗakin ajiyar yana warin siminti da tsatsa. Bahago na zaune a kan kifaffen bokiti tsakanin shebura da akwatunan buga tubali, leɓensa a fashe. Mutum ne mai kaushin baki, ko a wannan halin bai sauya ba. Ya ce shekara da shekaru yana faɗa wa Mai Rami maganar nan, ba ranar da ba su zagi juna ba, ba kuma ranar da ba su sha ruwa a moɗa ɗaya ba. Yau ce kawai mutane suka yi kunne.

Mai Sawu ya tambaye shi ko ya sa dutse.

"Baba, ko sallah na manta ba na manta dutse."

Ya yi masa bayanin da Mai Sawu bai taɓa lura da shi ba duk daɗewarsa a garin. Masu amalanken ramin ba sa cusa dutse a ƙarƙashin taya kamar yadda direbobi ke yi. Laka ce wurin. In aka manna dutse da taya, nauyin ruwa zai danne shi ya nutse, sai an taru kafin a zaro shi. Saboda haka tun na farko suka saba ajiye shi a gaban taya da tazarar tafin hannu. Taya tana zaune a gurbinta, dutsen yana jira. In ta motsa zai kama ta tun ba ta yi ƙarfi ba. Ya ce nasa dutsen kowa ya san shi a ramin, ja ne mai faɗi, da tsagi a gefe ɗaya inda yake sa yatsu. Ya ajiye shi, ya tafi masallaci, daga can ya tsaya wurin mai abinci, ihun mutane ne ya dawo da shi. Duron dama kuwa yana yoyo tun makon jiya, yana ta cewa gobe zai kai wa mai walda.

Sa'an nan Bahago ya tambaya ko wani ya leƙa gidansa. 'Ya'yansa ƙanana ne, uwarsu kuma ba ta da lafiya. Mai Sawu ya ce zai aika.

*

A hanyarsa ta fita wani mai buga tubali ya ja shi gefe ya raɗa masa cewa a duba ƙanin mamacin. Ya daɗe yana son ɓangaren ramin da wansa ke haƙa, inda laka ta fi kyau, kuma wanda ya fi kowa ihu a wurin mutuwa ba lallai ne ya fi kowa zafi ba. Wani kuma ya ce akuyoyi ne, sun saba sosa jiki a amalanke. Mai Sawu bai raina kowace magana ba, domin kakansa ya taɓa gano satar hatsi ta bakin mahaukaci. Ya koma ya duba. Babu kofaton akuya kusa da wurin. Sawun ƙanin yana nan, ba ya ɓuya, don takalminsa na roba ne mai zanen tsani. Amma sawun gudu ne, yatsu kawai, taku mai nisa, kuma a kan layin taya ya sauka, ba a ƙarƙashinsa ba. Mutumin ya bi amalanken ne bayan ya wuce. A wuri guda ma gwiwoyinsa biyu sun bugi ƙasa, ya tashi ya ci gaba. Mai Sawu ya ji kunyar zargin da ya ɗauko, ya bar shi a nan.

Da yamma ya shiga gidan makoki. Mata sun cika tsakar gida, suka buɗa masa hanya har inda 'yar ƙanwarsa ke zaune a lulluɓe. Ya yi mata gaisuwa, ya tambaye ta a hankali ko ta ga mijin da rana. Ta ce ta gan shi. Ba ya cin abinci a rami, gida yake dawowa, amma yau aiki ya yi masa yawa ya ce a kai masa. Ta bi ta hanyar sama, ya hauro ya karɓi kwanon, ya yi mata ba'a cewa yau rami ya ga baƙuwa, ya koma ƙasa ya zauna a inuwa. Amalanken yana tsaye a lokacin, ba kowa kusa da shi. Ta ce daram yake, har ta dafa shi ta gyara takalminta bai ko motsa ba.

Wata tsohuwa a gefe ta ce, to kun ji. Abin da mace ta dafa bai motsa ba, ai hannun namiji ne ya motsa shi.

*

Sawu da rana ba sa shiri. In rana ta take tsaka ƙasa shafe take kamar tafin hannu, amma da sassafe, in haske ya zo daga gefe, kowane ɗan tudu yana jefa inuwarsa. Don haka Mai Sawu ya koma ramin gari na wayewa, ya sa rana a gabansa, ya kwanta rubda ciki a bakin gangaren kamar yadda ya ga ubansa na yi.

Ya ga gurbin dutsen. Yana gaban gurbin taya da tafin hannu guda, mai faɗi, gefensa a tsaye, ba a ja shi ba, ɗaga shi aka yi. Layin taya ya bi ta kansa ya share rabi. Bahago bai yi ƙarya ba.

Kusa da gurbin akwai sawu biyu a jere, ƙanana, na silifa, yatsu sun nutse kamar na wanda ya tsuguna. Ya san su, domin ya riga ya ga zuwansu ta hanyar sama, inda taron jiya bai bi ba. Sawun mai kawo abinci ne. Ya tashi ya bi komawarsu don kawai ya cika aikinsa, sai ya tsaya cik.

Wanda ya kawo abinci da nauyi yake zuwa, ya koma sakayau. Haka yake tun da aka fara kai wa ma'aikaci abinci. Wannan sawun kuwa ya zo da sauƙi, taku a buɗe, dunduniya tana dukan ƙasa. Da zai koma sai taku ya gajarta, ƙafafu suka matso kan layi guda, tafin ƙafa yana sauka gaba ɗaya a shimfiɗe, kuma ya fi na zuwa zurfi. Haka mai kaya a ka yake tafiya, yana lallaɓa ƙasa don kada wuyansa ya sha girgiza. Ta bar kwano a rami, ta koma gida da abin da ya fi kwano nauyi.

Ya bi sawun duk da ya san inda za shi. Ya yi ta fatan ya karkata wani lungu, ko ya ɓace a kan tsakuwa, ko wani sawun ya shigo ya karɓi kayan. Bai karkata ba.

A gidan, ƙofar da ta raba zaure da tsakar gida a buɗe take don masu shiga gaisuwa. Jiya zannuwan mata sun rufe gindinta. Yanzu ba kowa, sai wani dutse ja mai faɗi da ya tokare ta, tsaginsa yana kallon bango.

'Yar ƙanwarsa ta fito da buta a hannu, idanunta a kumbure. Ya gaishe ta, ya ce ƙofar nan ta samu mai riƙe ta. Sai fuskarta ta ɗan saki, karo na farko tun jiya. Ta ce ƙofar ta daɗe tana bugawa in iska ta taso, tana hana mijinta barcin rana. Kullum yana cewa zai gyara, kullum gobe. Daga ƙarshe ya ce mata, mijinki yana yini cikin laka, ke kuma kin rasa dutse guda? In kin ga mai kyau ki ɗauko. Jiya kuwa tana juyowa ta ga wannan a yashe, ba ya jingine da komai, ta ce bari ta ba shi mamaki in ya dawo.

"Bai ma gan shi ba, Kawu," in ji ta.

Mai Sawu ya ce Allah ya ji ƙansa. Ya fita.

*

Ya yini a ɗakinsa bai ci komai ba. Mutum ne da bai taɓa yanke shawara ba sai ya nemo wadda ta gabace ta, don haka ya zauna yana jujjuya labaran gidansu ɗaya bayan ɗaya. Kakansa ya taɓa bin sawun sata har cikin gidan ɗan'uwansa, ya tsaya a ƙofa ya faɗa, aka yi shekaru ana yaba masa. Ubansa ya taɓa nuna ɗan mai unguwa a gaban mai unguwa. Amma waɗannan duka sun san abin da suka aikata, sawunsu ma yana nuna sun sani, suna waiwaye, suna bin gefen hanya. Sawun jiya tsakiyar hanya ya bi, a natse, na mace mai kai wa mijinta abin farin ciki. Irin wannan ba ya cikin labaran.

Ya yi tunanin ya je ya ɗauke dutsen ya jefa a rijiya. To amma ɓacewar dutsen ita ce igiyar da ke wuyan Bahago. Ya yi tunanin ya mayar da shi gangaren ya ce ya tsinto shi a ciyawa. Sai a ce Bahago ne ya wurgar da shi can. Ya yi tunanin ya ce sawun ya ɓace masa. Wanda bai taɓa cewa sawu ya ɓace masa ba, ranar da ya faɗa kowa zai san akwai wanda yake rufa wa asiri, kuma ba za a daɗe ana lissafin mutanen da zai rufa wa ba. Duk hanyar da ya bi sai ta dawo da shi ƙofar nan. Abin da ya rage masa shi ne ya wanke Bahago da ɗigon ruwa da gurbin dutse, ya yi fatan mutane su ƙoshi da haka.

*

Bayan la'asar aka taru a zauren gidan makoki, domin can dattawa suke. Shugaba ya zauna a tsakiya, ƙanin mamacin a damansa, masu tubali suka cika bakin ƙofa har waje. Mata suna tsakar gida, bango kawai ya raba, kuma an ji sun yi tsit. Aka shigo da Bahago hannunsa a ɗaure, aka zaunar da shi a ƙasa.

Mai Sawu ya sa aka kawo katako da tubali ɗanye da buta. Ya jingina katakon a kan turmi ya yi gangare, ya ɗora tubalin, ya janye hannunsa. Tubalin ya zauna. Ya ce kaya mai nauyi a kan gangare ba hutawa yake ba, kokawa ake yi a kansa: nauyinsa yana jansa ƙasa, ƙasa tana riƙe da shi. Muddin riƙon ya fi ƙarfi, ko an dafa shi ba zai motsa ba, mai kallo sai ya ɗauka a kafe yake. Ya ɗaga butar ya fara ɗiga ruwa a gindin tubalin. Aka daɗe ba abin da ya faru, har wani ya yi tari. Can sai tubalin ya ɗan gusa kamar mai shawara, ya ƙara gusawa, ya zarce ya fashe a ƙasa. Ya ce haka amalanken ya yi. Ba a tura shi ba. Duro ne ya yi ta ɗiga a gindin taya har laka ta saki. Ya faɗa musu labarin ɗigon da ke gangaren da gurbin dutsen, ya ce Bahago ya sa dutsensa inda masu amalanke ke sawa, duk mai shakka ya zo da sassafe ya gani.

Ƙanin mamacin bai ɗaga murya ba. Ya ce ya ji, ya kuma gode. Amma dutse ba shi da ƙafa. In an sa shi, an kuma ɗauke shi, wani ne ya ɗauke, kuma wa ya fi mai shi sanin amfanin ɗauke shi? Ya juyo ya dubi Mai Sawu.

"Baba, kai da kake gane kazar da ta yi ƙwai daga sawunta. Sawun wa ka gani a wurin dutsen?"

Mai Sawu ya ce taro ya tattake wurin da yawa. Bai yi ƙarya ba, amma ya ji maganar ta fito masa kamar ta wani. Ya ga dattawa biyu sun dubi juna.

Shugaba, da yake so ya taimaka, ya ɗaga murya don na waje su ji. Ya ce to a bazu a nemi dutsen, inda aka same shi nan amsa take. Ja ne, mai faɗi, da tsagi a gefe ɗaya, duk wanda ya gan shi ko a ina ya faɗa.

Mai Sawu bai dubi ƙofar ba. Bahago ne ya duba. Yana zaune a ƙasa, idonsa daidai da gindinta, bai fi a miƙa hannu ba. Ya daɗe yana kallo. Ya ɗago ya dubi Mai Sawu, ya ga abin da ke fuskar tsohon, ya mai da kansa ƙasa. Mutumin da ya yi shekaru yana cin abincin gidan nan in ya raka Mai Rami, ya san wadda ke share wannan zauren.

"Ranka ya daɗe, kada a wahalar da mutane," in ji shi. "Na tuna yanzu. Ban sa dutse ba jiya. Sauri nake."

Zauren ya ɗauki guna-guni. Ƙanin mamacin ya rufe ido ya ce alhamdu lillahi, gaskiya ta fito. Shugaba ya dubi Mai Sawu yana jiran ya ce wani abu, domin yanzun nan ya rantse da gurbin dutse. Mai Sawu ya buɗe baki. Ya tuna yaran da ya aika a duba jiya, da uwarsu a kwance. Ya tuna fuskar da ta saki da safe. In ya yi shiru an tafi da mutumin da bai yi komai ba, in ya yi magana ya kashe wadda ya goya a bayansa tana ƙarama.  Aka kama Bahago za a tashe shi.

"Kawu."

Daga bayan ƙofar muryar ta fito. Ba ta leƙo ba, gefen mayafinta kawai ake gani. 

Ta ce a saki bawan Allah nan, dutsensa ga shi a gindin ƙofa, ita ta ɗauko shi jiya a kanta. Ta faɗa a miƙe, kamar mai ba da saƙo. Bahago ya ce ba nasa ba ne, duwatsu suna kama da juna, ta ce masa ya bari, ta gode, ya bari. Ƙanin mamacin ya miƙe tsaye, ya dubi dutsen, ya dubi hannuwansa, ya rasa inda zai kai su, ya koma ya zauna.

"Kawu, tambaya ɗaya zan yi maka. Da na bar shi inda yake, da zai tare?"

Shugaba ya yi sauri ya ce kwana ne ya ƙare, ba mai wuce ranarsa. Dattawa suka amsa da haka ne, haka ne. Wani ya ce laifin duro ne, wani ya ce laifin masu ajiye dutse nesa da taya ne kamar ba shi da mai shi. Ta bar su suka gama.

"Allah ne masani, Uwata," in ji Mai Sawu.

"Na san Allah ne masani. Kai nake tambaya."

Ya san amsar tun da safe. Amalanken da rarrafe ya fara, kuma abin da ke rarrafe dutse guda ya ishe shi. Ya kuma san ta san shi: in ya ce ba zai tare ba, za ta ji ƙaryar a muryarsa, daga nan kuma ba sauran mutum a duniya da za ta yarda da maganarsa in ya ce mata ba laifinta ba ne. Ya dafa bango.

"Zai tare."

"To," in ji ta.

Mayafin ya janye. Shugaba ya sunkuya da kansa ya kwance igiyar hannun Bahago, amma Bahago bai tashi ba, ba kuma wanda ya tashi. Mai Sawu ya tsaya a bakin ƙofar yana jiran ta yi kuka, don in ta yi kuka mata za su taso su riƙe ta, shi ma ya samu abin da zai shiga ya ce. Ya yi ta jira. Kukan bai zo ba.